Rubutun shiri: Kyamarar da ke ɗaukar furotin yana tsakiyar aiki

  Waɗanda data ba ta bari su saurari muryar, ga rubutun nan kamar yadda muka saba.

Yau kimiyya za mu taɓa. Na san wani har ya fara cewa, "Kai kuma, ana fama da tsadar rayuwa ka ɗauko mana zancen na'ura?" Ka yi haƙuri ɗan uwa, ka ba ni minti goma sha biyar. Zancen na'ura ne, amma inda zai kai mu shi ne allurar da ake yi wa ƙaninka a asibiti ta ƙi aiki.

Bari mu fara daga tushe. Kusan duk aikin da ake yi a jikinka, furotin ne ke yin sa. Wanda ke ɗaukar iskar da ka shaƙa ya kai ta sassan jiki, wato himogulobin, furotin ne. Wanda ke narkar da tuwon da ka ci, furotin ne. Su ma ƙwayoyin cuta da furotin suke yaƙarmu. Kuma yawancin magungunan da muke sha aikinsu ɗaya ne: su je su maƙale a jikin wani furotin su hana shi aiki ko su canza masa aiki, kamar yadda makulli ke shiga kwaɗo. To ka ga mai haɗa magani dole ya san siffar kwaɗon kafin ya yanka makulli.

Matsalar ita ce furotin ya yi ƙanƙanta, madubin likita na yau da kullum ba ya ganin sa. Tazarar da ke tsakanin atom da atom a jikinsa ba ta kai kashi ɗaya cikin biliyan na mita ba. Hasken da idonmu ke gani ya yi wa wannan kauri, kamar ka ce za ka auna kaurin gashi da igiyar guga. Sai an nemo haske mai siririn zango, shi ne eksire, wannan dai da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Wilhelm Röntgen ya gano shi a Jamus a 1895. A 1912 Max von Laue da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka harba shi a kan kiristal, yana tarwatsewa ya bar ɗigo-ɗigo masu tsari. Sai wani uba da ɗansa a Ingila, William Bragg da Lawrence Bragg, suka fitar da lissafin da ake bi daga ɗigon nan a gano inda kowane atom yake. An ba su kyautar Nobel a 1915, lokacin ɗan yana da shekara 25. Matasa ku riƙe wannan, shekara 25.

Mene ne kiristal? Ku duba ƙwayar gishiri ko ta sukari. Abin da ya sa take da kusurwa da sheƙi shi ne ƙananan ƙwayoyin da ke cikinta sun jeru sahu-sahu, duk suna fuskantar waje ɗaya. Shi ma furotin ana iya lallaɓa shi ya jeru haka. Ƙwaya ɗaya ba ta iya tarwatsa hasken da za a gani, amma biliyoyinsu a sahu ɗaya suna iyawa. Mutum ɗaya ya yi kabbara a filin idi ba za ka ji daga nesa ba, amma sahu gaba ɗaya ya ɗauka, ai har bayan gari.

Da wannan dabara John Kendrew ya fitar da siffar mayogulobin a 1958, Max Perutz kuma ya fitar da ta himogulobin bayan ya shafe sama da shekara 20 a kanta. Da ita kuma Dorothy Hodgkin, wadda aka haifa a Alƙahira a 1910, ta tabbatar da siffar fenisilin a 1945. Ta nuna cewa a tsakiyar maganin akwai wani ɗan zobe na atom huɗu. Ku riƙe zoben nan, za mu dawo kansa. Af, lokacin da aka sanar da kyautar Nobel ɗinta a 1964 tana Ghana, inda mijinta Thomas Hodgkin ke shugabantar cibiyar nazarin Afirka a Jami'ar Ghana.

To amma duk waɗannan hotuna ne tsayayyu. Ka ɗauki hoton ɗan dambe yana tsaye kafin a fara, ka ɗauki wani bayan ya kai abokin karawarsa ƙasa. Ka san farko, ka san ƙarshe, amma ba ka ga naushin ba. Furotin yana buɗewa, yana rufewa, yana murɗawa, kuma a cikin motsin nan ne aikin yake faruwa. Don haka masana suka ce bari mu ɗauki fim.

Wahalar ita ce saurin abin. Wani motsin yana ɗaukar milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wani kuma femtosakan yake ɗauka. Idan kana son ka ji ƙanƙantar femtosakan, yadda yake a gaban daƙiƙa ɗaya haka daƙiƙa ɗaya take a gaban shekara kusan miliyan 32. Ahmed Zewail, ɗan Masar, a kan nazarin sinadarai a irin wannan sauri ya samu Nobel a 1999.

Ga yadda ake ɗaukar fim ɗin. Da farko sai a tayar da furotin ɗin, ko dai a haska masa lesa idan mai amsa haske ne, ko a gauraya shi da abin da yake aiki a kansa. Sai a jira ɗan lokacin da aka ƙayyade, sannan a harba eksire a ɗauki ɗigon. A sake yi da wani lokacin jira daban, a sake, a sake. A ƙarshe a jera sakamakon, sai ka ga motsi. A 1996 Keith Moffat da abokan aikinsa sun yi haka da mayogulobin a cibiyar ESRF da ke Grenoble a Faransa, suka ga abin da ke faruwa cikin nanosakan. A 2003 wata tawaga ta sauko da shi zuwa fikosakan 150 a wannan cibiyar.

Yanzu mun iso kan maganar yau. Wannan aiki yana buƙatar abu biyu: fitila mai ƙarfi, da idon da zai kama hasken. Kowa fitilar yake yabo, domin ita ce mai girma da tsada, ita ake nunawa a labarai. Amma komai ƙarfin fitilarka, abin da ido ya kama shi kaɗai ka samu. Idon nan shi ake kira ditekta.

Su Perutz da fim irin na masu hoto na da suka yi aiki. A ɗauka, a shiga ɗaki mai duhu a wanke, a zauna ana auna baƙin kowane ɗigo. Daga baya aka samu faranti na musamman da lesa ke karantawa, sannan kyamarar CCD a shekarun 1990. Ita ma CCD sai an rufe hasken an jira ta karanta hoton kafin a buɗe a ɗauki na gaba, kuma tana da nata hayaniyar da ke rufe ɗigo marasa ƙarfi.

Canjin ya zo ne daga Siwizalan, daga cibiyar Paul Scherrer. Sun aro dabara daga masu binciken ƙananan ƙwayoyin zarra suka ƙera ditekta mai suna PILATUS, kuma a 2006 aka kafa kamfanin DECTRIS don sayar da ita. Yadda take shi ne faranti biyu a manne. Na sama silikon ne, idan ƙwayar haske ɗaya ta eksire ta faɗa masa sai ta zama ɗan cajin lantarki. Na ƙasa kuma kowane fiksel yana da nasa ɗan injin ƙirga. Babbar PILATUS tana da fiksel miliyan 6, wato masu ƙirga miliyan 6 suna aiki lokaci ɗaya. Ƙwaya ta faɗo, a ce ɗaya. Wata ta faɗo, a ce biyu. Abin da bai kai ƙarfin ƙwayar gaske ba, ba a ƙirga shi, shi ya sa hoton ke fita tas. Kuma karantawar milisakan kaɗan ce, don haka aka daina rufe haske, kiristal na juyawa ana ɗauka ba tsayawa. Aikin da ke cin awanni ya koma mintuna. Ƙanwarta EIGER ta zo da fiksel mafi ƙanƙanta, maikromita 75 maimakon 172, da ƙarin sauri.

Ana cikin murnar wannan, sai fitilar ta sake tserewa idon. A 2009 aka kunna LCLS a Kalifoniya ta Amurka, lesar eksire mai ƙarfi irinta ta farko. Ita ba ta haskawa a hankali. Walƙiya take yi ta 'yan femtosakan, mai ƙarfin da ke tarwatsa kiristal ɗin nan take. To ina amfanin fitilar da ke ƙona abin da kake son gani? Amsar tun a 2000 wasu masana suka lissafa ta: idan walƙiyar ta yi gajarta sosai, hasken zai wuce ya ɗauke hoton kafin atom ɗin su samu damar motsawa. A 2011 Henry Chapman da tawagarsa suka wallafa shaidar cewa hakan na aiki. Sai dai kowane kiristal hoto ɗaya yake bayarwa ya mutu. Don haka ake yin ƙananan kiristal masu ɗimbin yawa, a zuba su a ruwa, a feso su ta wani siririn bututu suna ratsa gaban hasken. Yawancin walƙiyar ruwa kawai take samu. Wadda ta dace da kiristal ita ake tarawa, kuma sai an tara dubun dubatar hotuna kafin siffa ɗaya ta fito. Idan fim kake so, kowane mataki na lokaci sai ya samu nasa dubun dubatar.

A nan mai ƙirga ya gaza. Ku yi tunani, an ce ka ƙirga gero ƙwaya-ƙwaya yana zubowa a hankali, za ka iya. Amma aka juye maka buhu a ka lokaci ɗaya fa? Haka fiksel ɗin PILATUS yake a gaban lesar nan: ƙwayoyin haske dubu sun faɗo a tare, shi ɗaya zai gani. Dole aka koma awo. Sabuwar ditekta ba ta ƙirga, tara cajin take yi ta auna yawansa. Nan ma da matsala. A hoto ɗaya akwai ɗigon da ƙwaya ɗaya ce tak ta faɗa masa, akwai wanda dubbai suka faɗa masa, kuma duka biyun ana buƙata. Ka sa ƙaramin ma'auni, babban ɗigo ya cika shi ya zube. Ka sa babba, ƙaramin ya ɓace a ciki.

Maganin da injiniyoyi suka samo wallahi yana burge ni. Kowane fiksel yana farawa da ƙaramin ma'auni, kamar gwangwani. Da ya ga zai cika, da kansa yake komawa mudu, in mudu zai cika ya koma babban kwano, duk a cikin walƙiya ɗaya, ba tare da ya tambayi maƙwabcinsa ba. Haka ditekta mai suna AGIPD ke yi, haka ma JUNGFRAU ta cibiyar Paul Scherrer. Da wannan AGIPD ke iya gane ƙwaya ɗaya, ta kuma auna har kusan 10,000 a fiksel ɗaya.

AGIPD tana aiki ne a European XFEL, wata lesa da aka gina a ƙarƙashin ƙasa daga Hamburg zuwa Schenefeld a Jamus, tsawon kilomita 3.4, aka buɗe ta a 2017. LCLS ta farko walƙiya 120 take yi a daƙiƙa. Wannan an gina ta ta yi har 27,000. Kuma ba a rarrabe suke zuwa ba, ayari-ayari suke zuwa: sau 10 a daƙiƙa, kowane ayari har walƙiya 2,700, tsakanin ɗaya da ɗaya nanosakan 220 kacal. Babu wayar da za ta iya kwashe hoto ta fitar a wannan ɗan tsakanin. Sai aka yi wa kowane fiksel rumbun ajiya a jikinsa, mai ɗaki 352. Ayari na wucewa yana cusa hotuna a ɗakunan, in ayarin ya wuce sai a kwashe kafin na gaba ya iso.

To ku yi lissafin tare da ni. 352 sau 10, hoto 3,520 ke nan a daƙiƙa. Fitila na iya ba da 27,000, ido na iya riƙe 3,520. Kusan ɗaya cikin takwas. An kashe sama da yuro biliyan ɗaya an gina fitila, amma ɗan fiksel mai faɗin kashi ɗaya cikin biyar na milimita shi ke yanke yawan abin da za a kwasa. Kuma ko wannan ɗin ba ƙaramin kaya ba ne. Fiksel miliyan ɗaya, ko bait biyu-biyu kawai ka ba su, ka haura gigabait 7 a kowace daƙiƙa. Ka tuna datar da kake saya a wata. Shi ya sa rabin aikin na masu rubuta manhaja ne, su tace hotunan banza su ware masu ɗigo. A 2023 kuma Amurka ta kunna LCLS-II, wadda aka tsara ta kai walƙiya miliyan ɗaya a daƙiƙa. Tseren bai ƙare ba.

Wani abu da ya kamata ku bambance. A wajen lesa, gajartar walƙiyar ce ke ba da damar ganin motsi mai sauri, ita kuwa ditekta tana yanke yawan hotunan da za ka tara a 'yan kwanakin da aka ba ka. Kuma samun kwanakin nan sai an rubuta takarda an yi takara, domin irin waɗannan lesar ba su da yawa a duniya. A cibiyoyin sinkurotiron kuwa, irin ESRF, inda hasken ke zuwa kusan ba yankewa, saurin ditekta yana iya zama shi ne agogon kansa. Ditekta mai ɗaukar hoto dubu a daƙiƙa tana ba ka damar bin abin da ke faruwa a milisakan. Yawancin enzayim, wato furotin masu sarrafa sinadarai, a wannan sauri suke aiki, kuma sinkurotiron sun fi lesa yawa nesa ba kusa ba.

Yanzu mu dawo kan zoben Dorothy Hodgkin. Fenisilin da danginsa, su amoksisilin da seftiriyazon da ake yi wa mutane allurarsa a asibitocinmu, duk ƙarfinsu yana cikin zoben nan na atom huɗu. Ƙwayoyin cuta kuwa suna da nasu almakashi, wani enzayim da ake kira beta-laktames, aikinsa ya yanke zoben. Da ya yanke, magani ya tashi aiki. Ƙwayar tarin fuka tana da irin nata mai suna BlaC, yana daga cikin dalilan da suka sa ba a dogara da dangin fenisilin wajen maganin tarin fuka. Tawagar da Marius Schmidt na Jami'ar Wisconsin-Milwaukee ke ciki ta gauraya ƙananan kiristal na BlaC da seftiriyazon a LCLS, ta ɗauki matakai daga milisakan 30 zuwa daƙiƙa 2, aka wallafa a 2018. Sun ga maganin ya shiga bakin enzayim ɗin, sun ga ya maƙale an buɗe zoben. Daga baya suka maimaita a European XFEL da AGIPD, suka kama matakan da suka fi waɗancan sauri.

Amfanin wannan a fili yake. In ka ga yadda almakashi ke kamawa da yadda yake yanka, za ka iya ƙera abin da zai cije masa baki. Dama akwai irin wannan dabara a kasuwa: Augmentin amoksisilin ne da aka haɗa da wani sinadari mai toshe almakashin. Amma ƙwayoyin cuta suna ta fito da sababbin almakasai, dole masu magani su ci gaba da bin su.

Kada ku ce wannan matsalar Turawa ce. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin bakteriya da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka kudu da Sahara ne ya fi ko'ina asara. Mu ke nan. Haka kuma ɗaya daga cikin sababbin siffofi na farko da aka fitar da lesar LCLS, a 2012, ta wani enzayim ce na ƙwayar ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa. Cutar tamu ce, na'urar tana Kalifoniya.

Nan ne abin ke min ciwo. In ka cire Antatika, Afirka ce kaɗai nahiyar da ba ta da sinkurotiron ko ɗaya. Birazil tana da Sirius. Gabas ta Tsakiya tana da SESAME a Jodan, an buɗe ta a 2017, kuma cikin mambobinta akwai Masar da Iran da Isra'ila da Falasɗinu da Turkiyya da Pakistan. Ƙasashen da ba sa ga maciji sun iya zama sun haɗa kuɗi a kan na'ura ɗaya. Afirka ta Kudu ta shiga yarjejeniya da ESRF a 2013 don masananta su riƙa samun lokaci. Akwai kuma masanan Afirka da ke fafutukar a gina tamu, sun yi taronsu na farko a Grenoble a 2015, suka yi wani a Accra a 2019. Har yanzu dai ba a gina ba.

Wani zai ce, "Ba mu gama da wutar lantarki ba za mu yi zancen sinkurotiron?" Gaskiyarka, kuma ba na cewa gobe a kafa tubali. Amma gini ba shi ne farko ba, mutane ne farko. Ku duba su wa suka yi aikin da na lissafa: masu ilimin lantarki da suka zana fiksel, masu fiziks, masu kimiyyar sinadarai da suka shuka kiristal, masu rubuta manhaja. Duk kwasa-kwasan nan ana karanta su a jami'o'inmu. Rumbun siffofin furotin na duniya, Protein Data Bank, ya fara da siffa 7 a 1971, yanzu ya haura 200,000, kuma kyauta ne, da wayarka za ka iya buɗewa ka juya himogulobin ka ga wurin da sikila ke farawa. Manhajar AlphaFold da ta kai masu ita ga Nobel a 2024, daga wannan rumbun ta koyi aiki. Cibiyoyi da dama kuma suna karɓar kiristal ta saƙo, mai bincike ya sarrafa na'urar daga ƙasarsa ta intanet.

Don haka ga roƙona guda uku. Ɗalibi mai neman abin da zai yi aikin kammala digiri a kai, ka leƙa rumbun nan kafin ka kwafi abin da na gabanka suka yi, ka nemi malaminka ku duba tare. Mu masu zuwa taruka da 'yan siyasa, idan ana zancen kasafin ilimi mu riƙa tambaya a fili nawa aka ware wa bincike, kuma me ya hana ƙasarmu neman kujera a irin waɗannan cibiyoyi kamar yadda Afirka ta Kudu ta yi. Na uku kuma na kowa da kowa ne: a daina shiga kemis a sayi kafso huɗu don mura, a daina shan antibayotik ba tare da likita ya rubuta ba, wanda aka rubuta maka kuma ka sha shi yadda aka ce. Duk lokacin da muka yi wasa da shi, ƙwayoyin da ke da almakashi muke bar wa fili su hayayyafa, kuma sabon magani shekaru yake ɗauka kafin ya fito.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ke karanta fiziks ko lantarki ko bayokemistiri kuma yake son mu faɗaɗa wani ɓangare, ya aiko mana da tambayarsa, za mu ɗauko ta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku tura wa ɗalibin da kuka san zai amfana. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.